Ranar da Kwali Ya Fito Fes

A tasha Baba Kwali ake ce masa, kuma ba ya jin haushi, don shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin da shida yana jan tasi. Mota uku ya tsufar, ta huɗun ce ta rama musu. Kowace yamma in ya ajiye ta a ƙofar gida, sai ya durƙusa ya tura faffaɗan kwali ƙarƙashin inji, ya danne gefensa da dutse. Da safe ya jawo ya karanta, kamar likita da takardar gwajin jini. Ɗigo baƙi, baƙin mai ne. Ja, man giya. Kore-kore, ruwan lagireto. In kuwa ya ga wani mai santsi kusa da taya, ranar babu fita, birki ne.

Motar ba ta taɓa barinsa ba abin karatu ba. Ɗigo uku take yi kullum, huɗu in an yi doguwar tafiya. Fitilar mai da ke gaban sitiyari kuwa ta shekara biyar a kunne, da mai da babu mai, har ya gaji da ƙaryarta ya liƙe ta da filasta. Bayan kwali sai ya ɗaga bonet, ya zaro sandar gwada mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Haka kullum, ko da gwiwoyinsa sun fara ƙarar da ta fi ta ƙofar motar.

Babban ɗansa, wanda ake kira Injiniya, injiniyan kwamfuta ne, bai ma san inda ake zuba wa mota ruwa ba. Sau uku a bana yana barin ofis ya zo da igiya ya ja ubansa daga bakin titi. A na ukun ya ce, a gaban uwarsa, "Baba, wallahi in ta sake tsayawa a hanya, makullin zan karɓa. Ka huta haka nan."

"In huta in yi me? In riƙa raka kajin uwarka kiwo?"

Ba wanda ya yi dariya. Iya, matarsa, ta ci gaba da tsintar shinkafa, amma ta ji.

Ran Talata ya sauya baƙin mai da kansa, don a cewarsa makanike hannunsa yana motarka, hankalinsa yana ta wani. Yana kwance rigingine ya ɗaure notin da ke toshe ƙasan inji. Ya ji kamar ya kama, ya bari.

Washegari ya tashi kugu a riƙe. Da ƙyar ya sunkuya ya jawo kwali. Fes! Ko ɗigo ɗaya. Ya juya bayansa, nan ma fes. Daidai nan Injiniya ya biyo gaisuwa kafin ya wuce aiki.

"Zo ka gani," in ji Baba Kwali yana ɗaga kwalin sama. "Ta tuba. Sai ka nemi wani makullin da za ka karɓa."

Ya kai hannu zai ɗaga bonet, kugun ya soke shi. Sabon mai jiya, kwali fari yau, me kuma ake nema? Karon farko cikin shekaru, ya bar sandar gwada mai a inda take.

Fasinja huɗu ya ɗauka. Sun haye gada, sun fara hawan tudu, sai ya ji wani tak-tak-tak daga cikin inji, sauti irin wanda direba ke ji a cikinsa kafin kunnensa. Ya kashe ta nan take, amma ta riga shi.

"Direba, nan ce tashar?" in ji wata mai kwandon kaya a baya. "Ai ban ga masu talla ba."

"Sauko ki fara, Hajiya, sauran za su biyo."

Sandar ta fito a bushe kamar tsinken sakace. Ya waiwaya: wani siririn baƙin layi ya biyo su a kan kwalta har inda ido ya tsaya. Notin ya faɗi a wani wuri. Makaniken da ya zo bai ko buɗe jakar kayansa ba. Ya ɗan murza inji da hannu, ya girgiza kai. "Baba, ya buga."

Ya zauna a kan dutsen bakin titi ya kira gida.

"Iya, kwalin da na sa jiya, shi na jawo yau?"

Ta ce, "Malam, na fito shara na tarar ya jiƙe sharkaf, har ƙasa ta sha. Na ce Injiniya zai biyo ya gani, ya karɓe maka makulli. Sai na jefar, na watsa yashi, na tura kwalin sabulu."

Ya nemi faɗa a jikinsa, bai samu ba. "Sau ɗaya motar nan ta taɓa yi min ihu, kika toshe mata baki."

"Kai da ka rufe mata ido da filasta fa?"

Da Injiniya ya iso da igiya, Baba Kwali ya miƙa masa makullin tun kafin ya buɗe baki. Bayan mako guda masu sayen tsoffin motoci suka ja ta. A ƙofar gida sai tabon mai da dutsen danne kwali.

Ranar hutu Injiniya ya zo wuni da iyalinsa, ya ajiye motarsa a kan tabon. Uban ya daɗe yana kallonta daga kan benci. Can ya tashi, ya tura kwali ƙarƙashinta da ƙafa, don gwiwa ta daina durƙuso. Da za su tafi ya ce, "Injiniya, duƙa ka jawo min."

Ɗigo ɗaya ne, ja.

"Baba, sabuwa ce fa."

"Sabuwar ce ke zubar da man giya. Gobe ka kai ta a duba."

Suka tafi. Ya koma kan benci da kwalin a cinya, ya shafa ɗigon da yatsa ya shinshina. Daga cikin gida Iya ta ce kaji sun fita, ya taimaka ya koro su.