Ƙarfe Mai Nauyi, Kilo Biyu

In ka shiga unguwar Al Sabkha a Dubai kana neman wanda zai auna maka kaya tsakani da Allah, kowa Labaran mai sikeli zai nuna maka. Shekara goma sha tara ke nan yana tsaye a ƙofar wani ofishin kago, masu tura kaya ƙasashen waje, da ke bayan tashar bas, yana ɗora buhu yana saukewa, yana rubuta kilo a jikin kwali da jan alƙalami. Siriri ne, furfura ta ci rabin gemunsa, in yana magana kuwa sai ka kasa kunne. 'Yan kasuwar Kano har tsokanarsa suke yi, wai shi ko muryarsa sai ya auna yake fitarwa.

Abin da ba su sani ba, wannan bawan Allah ya taɓa hana unguwa guda sakat a Kaduna. Da samartaka shi da amininsa Bashar suka kafa ƙungiyar kiɗa, irin mai rugugin nan da Turawa ke kira heavy metal. Bashar na kaɗa jita, Labaran na kwarara waƙa da Hausa tsantsa, da wata murya kamar ta wanda amalanke ta taka wa ƙafa. Maƙwabta suka laƙaba musu suna Maƙera, don in sun fara sai ka rantse ƙira ake yi, su kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu. Kaset huɗu suka fitar. Sun zaga Jos da Zariya da Minna, ɗalibai na tsalle, dattawa na toshe kunne suna Allah ya shirya.

Daga baya zamanin kaset ya wuce, iyali suka ƙaru, Labaran ya nemi biza ya taho Dubai. Nan ya ja bakinsa ya tsuke. A ganinsa babu Alhajin da zai amince da sikelin mutumin da ya taɓa rataya sarƙar keke a wuya yana ihu a bainar jama'a. Bashar ya zauna a Kaduna yana gyaran rediyo, har Allah ya karɓi abinsa shekara biyu da suka wuce.

Wanda ya tono wannan tarihi shi ne Zainul Abideen, injiniyan sauti a wani zauren taro a nan Dubai, wanda ya tashi yana jin Maƙera a motar kawunsa. Ya yi ta zarya Al Sabkha yana roƙon Labaran ya yarda a tattara zaɓaɓɓun waƙoƙinsu a wanke sautinsu, a fitar a faifai guda. Wata uku Labaran na cewa a bar kaza cikin gashinta. Abin da ya karya masa zuciya magana ɗaya ce: Zainul ya ce 'ya'yan Bashar ba su taɓa jin hannun ubansu a kan jita yadda ya kamata ba.

To, asalin kasa-kasan, kwafi ɗaya tal na kowanne ya rage a duniya, suna wajen Maimuna, matar marigayin. Ta jera su a kwalin madara, ta kwafa a jikin kwalin abin da mijinta ya rubuta a jikin akwatinsu, "Heavy metal, na Labaran", ta ba Hajiya Wasila mai zuwa sarin atamfa da turare ta taho da su.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Hajiya ta iso ofis ranar da Labaran ya tafi sabunta katin zama, sai ta bar saƙon a hannun abokin aikinsa Mu'awiya, dattijon da duk Turancinsa na takardar kaya ne. Washegari da hantsi Labaran ya tambayi kwalinsa.

"Ai khalas, na gama maka aikin," in ji Mu'awiya yana washe baki. "Ƙarfe mai nauyi ba ya hawa jirgin sama. Na bi da shi motar sito, yana cikin kwantenar Alhaji Ɗalhatu tare da kayan gyaran mota. Sai dai na yi mamaki, habibi, ƙarfe mai nauyi amma kilo biyu."

Watan Agusta ne, zafin da ko takalmin roba ba ya ƙyalewa. Kwantenar za ta yi kusan wata biyu kafin ta isa Legas, kasa-kasan kuwa kwana uku ya ishe su narkewa. Kuma da la'asar za a rufe ta.

Bai taɓa sanin Dubai Investments Park, inda siton yake, na da nisa haka ba sai ran nan. Ya isa siton ya tarar an cika kwantenar ta wuce rabi, Alhaji Ɗalhatu na tsaye a inuwa yana fifita da takardun kaya yana ce wa masu lodi yalla, yalla, wato su yi sauri.

"Ranka ya daɗe, akwai kwalina a ciki, kuskure aka yi."

"Malam Labaran, kana nufin in sauke lodin wuni guda saboda kwali ɗaya? Zinariya ce a ciki?"

"Waƙoƙina ne."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya tuntsire da dariya. "Waƙa? Kai da ko sallamarka sai an ce ka maimaita? Haba Malam, nemi wata ƙaryar."

Labaran ya dubi kwantenar, ya dubi 'yan kasuwa biyar da ke tsaye, dukkansu masu kawo masa awo. Shekara goma sha tara yana tattalin girmansa a idon mutanen nan. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ja numfashi, ya saki baitin farko na waƙarsu ta direban tirela.

Rufin kwanon siton ya amsa. Mai tuƙa motar ɗaga kaya, wani ɗan Pakistan, ya taka birki ya leƙo yana neman wanda ya ji rauni. Muryar ta tsufa, ta fashe a tsakiya, tari ya sarƙe shi, amma bai tsaya ba sai da ya kai baitin ƙarshensa.

Alhaji Ɗalhatu ya daina fifita. "Wallahi ban ji waƙa a nan ba, ihu na ji," ya ce. "Amma dattijon da ya zubar da girmansa haka, ba a kan banza ya zubar ba. Ku sauke kayan."

Sai da aka yi awa biyu kafin kwalin madarar ya ɓullo daga ƙarƙashin wasu ƙafafun mota. Tun daga ranar sunansa a Al Sabkha ya koma Kilo Biyu, kuma abin da ya ba shi mamaki, layin masu awo bai ragu da mutum ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zauna a ɗakin Zainul da ke unguwar Port Saeed a nan Dubai don zaɓar waƙoƙi goma sha biyu. Zainul ya zura kaset na farko a na'ura. Aka ji shuuu, aka ji wani ya ja kujera. Sai ga muryar Bashar, tar da ita, ta ɗan shekara ashirin da huɗu, yana dariya: "Labaran, ka shirya?"

"Na shirya," in ji Labaran, kafin ya ankara da inda yake. Hawaye suka zubo masa, bai kuwa share ba.

Zainul ya tsayar da kaset ɗin, ya ce a hankali, "Baba, wannan surutun farkon zan iya yanke shi."

"Kul," Labaran ya ce. "Da shi za a buɗe faifan. Kuma kafin kowa ya ji, Maimuna da yaran za ka fara tura wa."