Zanen Arawa a Fuskar Yayana

Na tsufa, hakora sun zube, sunayen jikokina ma sai na yi ta cakuɗa su, amma ranar da yayana ya dawo ruga da wata fuskar daban tana nan daram a raina, kuma da ita za a kai ni kabari.

Mu Fulani ne. A zamanin Nasara rugarmu tana gefen Sukukutane, ni nake kai nono kasuwa. Kusa da ni wata yarinya Ba'ara, 'yar Arawan garin, take ajiye ƙwaryar furarta, baƙa, doguwa, mai dariya kamar ba ta san wahala ba. Wata rana yayana ya raka ni, ya gan ta. Shi ke nan, gida bai sake samun lafiya ba.

Yaro ne fa, gemu bai ko tsiro masa ba. Ya daina ci, ya daina zama wuri ɗaya. A tura shi kiwo, sai a tsince shi bakin rijiyar garin yana jiran ta zo ɗiban ruwa, shanu kuwa suna can cikin geron mutane. Baffa, mahaifinmu, ya yi faɗa, ya yi duka, ya ce mu ba mu aure a cikin gari. Kamar ana zuga wuta. Ni kaina na gaji da shi, kullum tambaya ɗaya: "Ta yi zancena?" Ita ma tana sonsa, ban hana ba, amma irin son da ake yi a ci tuwo a yi barci.

Da kansa ya je wurin mahaifin yarinyar, ba baba ba kawu. Tsohon ya dube shi, ya ga ƙuruciya, sai ya so ya sallame shi cikin raha. Ya shafa zanensa, layukan nan na Arawa da ke tashi daga gefen baki har kunne, ya ce, "Ɗan Hillani, mu ɗiyarmu sai mai wanga. Tahi gida ka gaida tsohonka."

Kowa ya ji ya san an ce a'a ne. Ban da yayana.

Ya ɓace. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye, motsi kaɗan ta leƙa hanya. Ashe wanzamin garin ya kore shi, sai ya taka har Dumega ya samu wanda ya yarda. Ina tatsar saniya na ɗaga kai na gan shi, kumatu sun kumbura, tsaga ɗanya an cusa mata baƙin magani, ƙudaje na binsa. Kuma wai murmushi yake yi! Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna.

Bai jira ya warke ba ya ja ni muka shiga gari. Mahaifin yarinyar ya daɗe yana kallonsa, dariyar nan duk ta gudu. Ya ce, "Yaro, mi kay yi ma kanka? Zane na gado na, ran suna aka yin shi. Ba a sayen shi awa riga." Yarinyar ta leƙo ta bayan danga, ta rufe ido da hannu, ta ce, "Wayyo, ni da waccan huskar nis san ka." Ta koma ciki da gudu.

Ana cikin haka gardi biyu, dogaran kumandan Baturen mulki, suka iso daga Dogon Dutsi, suna kwasar samarin gari zuwa aikin dole na hanya. Mu ba a lissafa mu da mutanen gari, ta hannun arɗonmu ake neman mu. Suka cafke yayana a bakin rijiya, inda ya koma zama. Ya ce shi Bafulatani ne, suka dubi kumatunsa suka kwashe da dariya. Da ya dame su da ihu, suka jawo shi har ruga da igiya a ƙugu.

Babban cikinsu ya ce wa Baffa, "Tsoho, ɗanka na?"

Kalma ɗaya ta isa a sake shi. Baffa ya dubi zanen, ya dubi shanunsa, ya ce, "Ɗan da na haifa ba shi da zane."

Inna kuwa, da yake shi ne ɗanta na fari, kunya ba ta taɓa barin ta ta kama sunansa ba. Ran nan ta kira shi da ƙarfi, sau ɗaya, amma sun riga sun yi nisa.

Da aka sallami 'yan aikin, samarin gari suka dawo, shi bai dawo ba. Wasu sun ce sun gan shi a Doso yana dako, wasu sun ce ya bi soja. Baffa ya rasu yana aike a nemo shi. Ni ma duk kasuwar da na shiga, sai na tsinci kaina ina leƙen fuskar dattawa masu zane.

Abin da na koya shi nake gaya wa 'ya'yana. Yaron da so ya kama ba a yi masa raha, ba a kuma yi masa magana cikin fushi, domin duk abin da aka faɗa da gaske zai ɗauke shi. In za ku hana shi, ku hana shi a fili, sannan ku riƙe hannunsa ku koma gida tare.