Ugga Takwas a Gidan Sarƙa

Yayan matata ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, amma har yau in na tuna shi sai na ji na cije haƙora. An ce ba a gaba da matacce. To, su yi ta faɗa. Su ai ba su yi shekara tara a tsugune gaban inji, shi yana tsaye a kansu yana kaɗa makullai ba.

Shi ya riga ni tsallakowa daga Sudan zuwa Jidda, shi kuma ya samar mini gurbi a warsha, wato garejin wani Bahijaze a unguwar Sharafiyya inda muke gyaran babura da injinan ban ruwa. Wannan alheri na sha gorinsa har ya fito mini ta hanci. Ko shayi na zuba kafin shi, sai ya ce, "Ka ga wanda ya sauko daga jirgin ruwa da takalmi ƙafa ɗaya!" Ina ce masa Yaya don dole, saboda ƙanwarsa nake aure. Hannunsa bai iya komai ba, ko noti ya ɗaure sai ya cinye masa zare. Abin taƙamarsa ɗaya ne, Turanci. Wai ya yi aiki a gidan wani Bature a gonakin auduga. Duk injin da ya zo da littafi shi ke ɗauka, ya ɗora tabarau, ya lashi yatsa, ya yi ta ba mu umarni. Ni na daɗe da gano cewa lambobi kawai yake ganewa, sauran duk shaci-faɗi ne.

Mai warshar shi ne kafilinmu, sunansa ne a kan takardun zamanmu, muna ce masa Ammi. A shekarar da nake ba da labari ya tara mu ya ce aiki ya ja baya, iƙama, wato takardar zama, guda ɗaya zai sabunta bayan Hajji, ɗayanmu ya koma inda ya fito. Ni ina da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya a unguwar Kurayyat, ga matata da tsohon ciki. Yaya shi kaɗai ne, iyalinsa na can Sudan. Amma ko kunya bai ji ba, washegari ya fara shiga ofishin Ammi da butar shayi, yana fitowa yana murmushi. Wallahi na tsane shi a kwanakin nan, tsana ta gaske.

Ana cikin haka sai ga wata jaraba an sauke mana daga mota. Babban ɗan Ammi ne ya dawo daga karatu a wata ƙasar sanyi, ya taho da babur ɗin da suke hawa a kan ƙanƙara. Ba shi da taya ko ɗaya. A gaba alluna biyu ne dogaye masu lanƙwasasshen baki, a ƙasa wani faffaɗan bel na roba. Babur ɗin ƙanƙara a Jidda, inda ƙanƙara sai wadda ake saya a sa a ruwan sha! Shi ɗan Ammin ya rantse abin da ya yi tafiya a kan ƙanƙara zai yi a kan yashi. Ranar Juma'a bayan la'asar zai gwada a gaban abokansa, a canza masa man gidan sarƙa kawai, don ya daɗe a ciki.

Na buɗe murfin gaba na duba. Gidan sarƙar wani ɗan akwatin ƙarfe ne a gefen inji, bai fi tafin hannu biyu ba. A ciki sarƙar da ke juya bel take wanka a mai. Irinsa na sha gani a tsofaffin babura. Ƙofa uku gare shi: ta sama a zuba, ta ƙasa a zubar, sai wata ƙarama can kusa da gindi. Ita wannan ƙaramar ita ce alƙali. Kana zubawa, da ka ga mai ya leƙo ta nan, halas, ya isa, ka tsaya. Na kuma lura faifan birki yana manne da akwatin, tsakaninsu bai kai yatsa biyu ba. Na kwance notin ƙasa, tsohon man ya zubo baƙi ƙirin da ɗan garin ƙarfe, bai cika gwangwanin madara biyu ba.

Sai ga Yaya da littafi da tabarau. Ammi na zaune a kujera, ɗansa na tsaye, maƙwabta masu shaguna sun taru suna kallon abin mamaki. Yaya ya buɗe littafin, ya lashi yatsa, ya sami hoton akwatin. Kusa da hoton akwai lamba takwas da wasu haruffa biyu, na farkon zagayayye.

"Ugga takwas," in ji shi.

Ugga fa ita ce ma'aunin da ake sayar da nama da man shanu a kasuwar Bab Makka, guda ɗaya ta fi kilo. Daga baya na ji cewa wani ɗan ƙaramin ma'aunin Turawa ne aka rubuta, takwas ɗinsa duka bai wuce kofin shayi uku ba.

Na ce, "Yaya, ugga takwas a ina? Ko rabin ugga ba zai shiga nan ba. Ga ƙofar awo, in mai ya leƙo an gama."

Ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa. Da Larabci ya amsa, don kowa ya ji. "Ya jama'a, ku ji mini! Wanda ya ƙera abu ya rubuta, wanda bai san alif ba yana gyara masa. A cika shi har baki, ragowar ta ƙari ce ta shekara. Yalla, toshe wannan ƙofar ka zuba, mai takalmi ɗaya."

Aka kwashe da dariya, har Ammi. Na so in sake magana, sai wani abu ya ce mini, bar shi. Na san abin da zai faru sarai. Mai in ya cika akwati ba shi da wurin numfashi, da ya ɗau zafi zai nemi hanya ya fito, kuma ga birki a bakin ƙofa. Na ɗaure ƙaramin notin tam. Na ɗauki mazurari na zuba har ya tumbatsa, na rufe, na goge da tsumma har yana sheƙi. Na ce, "An gama, Yaya, yadda ka karanta."

Ranar Juma'a aka kai babur ɗin bayan gari ta hanyar Makka, inda yashi ya taru. Abin haushi, ya yi tafiya. Ya riƙa ihu yana watsa yashi, ɗan Ammi a kai, ƙyallen kansa na tashi, abokai na tafi. Yaya ya harɗe hannu yana kallona ta wutsiyar ido. A zagaye na huɗu na ga hayaƙi mai shuɗi yana fita ta gefen murfi. Ɗan Ammi ya juyo wajenmu a guje, ya matse birki, birki ya sha mai. Bai tsaya ko'ina ba sai jikin sabuwar motar ubansa. Muka same shi a ƙasa, farar rigarsa ta yi baƙi, hannunsa na dama ya karye a wuri biyu. Wannan kam ban so ba, ban kuma taɓa tsammanin zai kai haka ba. Ni riga kawai na so ta ɓaci.

Da safe Ammi ya kira mu ofis. Bai ce mu zauna ba. Ya ce, "Wa ya zuba man?"

Wannan lissafin kam ban yi shi ba. Hannuna ne ya zuba, a gaban shaidu. Abin da Yaya zai ce kawai shi ne littafi daidai yake, mai zubawa ne ya kwafsa, kuma Ammi zai yarda, tunda shekara tara yana yarda da shi. Na hango matata da cikinta a kan jirgin ruwa.

Yaya ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya san na sani, na kuma san ya gane. Sai ya juya ya ce, "Ya Ammi, ni na karanta, ni na ce ya cika. Ya faɗa mini ba haka ba ne, na ƙi ji."

Bayan Hajji aka sabunta tawa iƙamar. Muka raka Yaya bakin teku, matata na ta kuka. Na ɗaukar masa akwati. Da aka fara kiran fasinja ya matso kusa da kunnena, yadda ita ba za ta ji ba.

"Kada ka ɗauka don kai na yi. Don ƙanwata na yi, da abin da ke cikinta. Kai kuma ka zauna ka ci abincinka, kana sane da wanda ya bar maka kwanon."

Kun ji mugun mutum! Gorin takalmi ina iya ramawa, in ce ai na sayi wani. Wannan kuwa ya ɗora mini shi ya haye jirgi, ya je ya mutu a can ban sami bakin amsawa ba. Da aka haihu namiji ne, matata ta ce sunan yayanta za a sa. Ban iya cewa a'a ba. Shekara arba'in da wani abu ke nan ina kiran sunan nan a cikin gidana, safe da yamma.