Kwarin da Ba Ya Giɓi

Maigidana mai saran itace ne, a garin da aka haramta sare bishiya. Ko reshe ɗanye ba a karyawa a cikin iyakar Harami, don haka sai mu bar unguwarmu Misfala da jakunanmu mu fita can bayan iyaka, wani kwari mai cike da samur, bishiyar ƙaya mai kama da bagaruwar gida. Masu gidajen burodi na son itacenta, da shi muke ci.

Kwarin wurin kiwon wani tsohon Balarabe ne. Sharaɗinsa ɗaya: mu sara, amma in ya zauna ƙofar tantinsa kada idonsa ya ga giɓi. Ranar da ya gani, mun bar kwarin ke nan.

Ni aka ba aikin ido. Sai in zauna wajen matar tsohon muna shan shayi, maigida kuwa ya je can ya girgiza reshe. In sare shi zai buɗe sarari, sai in ɗaga mayafina, ya bar shi. Ta bayan bishiya yake sara, sannan ya shafe farin wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Ina zaune a inuwa, ƙaton mutum na bin umarnin mayafina yana ƙunƙuni.

Wata shekara da sanyi, itace ya yi daraja. Matar ta miƙo mini shayi, ta ce a hankali, idon tsohon ya tafi tun bara, ko akuyarsa ba ya gani. Na san masu burodi sun matsa wa maigida lamba, ga manyan samur a gaba-gaba da ya daɗe yana haɗiye musu miyau. Amma ban iya ɓoye masa magana ba, a hanyar gida na faɗa masa.

Ya ci gaba da tafiya har muka wuce iyaka.

Na ce, "Malam, halas ke nan, ba sauran zaman shayi?"

"Wa ya ce? Ya ba mu amana yana gani, sai mu ci shi don ya makance?" Ya kora jakin gaba. "Gobe ki koma ki zauna daidai inda yake zama. Ki ƙara sa ido, yanzu na mutum biyu kike kallo."