Maƙerin Tashar Ƙanƙara

A tashar Ƙanƙara wani tsoho yana kewaya tifar da ta tsaya shan mai. Hannuwansa duk tabon wuta ne, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Ko ba a faɗa ba, maƙeri ne. Ya tsinci abin da ya zubo daga motar, ya murza, ya shinshina.

"Ɗan nan, wannan ai kashin maƙera ne, dattin da narkakken ƙarfe ke bari. Ina za ka da shara?"

"Kamfanin siminti, Baba," in ji direban. "Daga masana'antar ƙarfe na ɗauko. Niƙawa ake yi a haɗa."

Tun yana yaro tsohon yake zubar da nasa a juji. Wataƙila 'ya'yansa sun koma acaɓa, yana tsoron maƙerar ta mutu da shi, ba ta bar komai ba.

Ya tafi, ya dawo da rabin buhu a ka, yana haki.

"Haɗa da nawa. Na garma ne da lauje, ba algus."

Direban ya yi dariya. "Baba, kamfani ba zai ma san da shi ba."

"Gini zai sani."

Direban ya daina dariya, ya miƙa hannu biyu ya karɓa.