Garken Ɗanlahadi na Baƙin Allo

In ka tambayi mutanen Pauwa sana'ar Ɗanlahadi, za su ce maka kiwo yake yi a Ƙanƙara. In ka ce ina shanun, sai su kwashe da dariya su ce ka je ka gane wa idonka. Ka je ɗin kuwa, abin da za ka tarar shi ne wani dogon mutum mai nauyin baki, zaune a cibiyar koyon kwamfuta ta Hajiya Suwaiba, ya ƙura wa baƙin allo ido. Ba hoto, ba ado, sai rubutu yana ta gudu.

Asalinsa kuwa makiyayin ne na gaske. Mahaifinsa, Baba Ɗanhausa, manomi ne da Allah ya hore wa shanu, kuma ba abin da yake so irin ya zauna ƙofar gida da yamma ya ga garkensa ya dawo cif. Dada, kakar Ɗanlahadi, ta sha faɗa wa Baba Ɗanhausa cewa a zamaninsu ba a tara dabba wuri guda. Ana kai karsana wajen ɗan'uwa a wani gari ya riƙe amana, in wani abu ya sami gida a sami na tayar da iri. Baba Ɗanhausa ya toshe kunne. Da tsohuwa ta gaji da mita, sai ta kwance karsanarta guda, Kyalla, ta aika wa ƙaninta a Faskari.

Ranar da ɓarayin daji suka zo, da rana tsaka suka zo, kuma ko ɗan maraƙi ba su bari ba. Kyalla kaɗai ta tsira. Tun daga nan Baba Ɗanhausa ya daina zaman ƙofar gida, kalmar shanu kuma ba ta ƙara fita bakinsa ba. Wannan shirun ya fi satar ciwo a zuciyar Ɗanlahadi.

Ya taho Ƙanƙara ya koyi kwamfuta a wajen Hajiya, ya ƙare, ta riƙe shi yana koyarwa. Matsalar cibiyar ita ce ɗalibai da yawa, kwamfutocin kirki kaɗan. Akwai dai wata babbar na'ura guda a ɗakin baya. Ɗanlahadi ya naƙalci yadda ake ƙirƙirar ƙananan kwamfutoci a cikinta, waɗanda ba su da gangar jiki amma suna aiki kamar kowace kwamfuta. Kowane ɗalibi ya sami tasa, ya shiga ta tsohuwar kwamfutar da ke gabansa, ya yi ta jagwalgwalonsa. In ya ɓata, Malam ya goge ya tayar masa da sabuwa kafin ya gama ba da haƙuri.

Wasu da linzamin kwamfuta suke wannan aiki, suna danna hotuna ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ina! Sabis ɗin yankin nan in ka ɗora masa hoto sai ya durƙushe, amma rubutu yana wucewa. Sai ya rungumi baƙin allo, yana rubuta umarni. Ya raɗa wa na'urorin sunayen shanun gidansu: Wule, Jar-wuya, Baƙa, Mai-ƙaho-ɗaya. Daga baya ya ɗinke umarnin wuri guda, ta yadda da safe su tashi da kansu, da yamma su kwanta ba sai ya bi kowace ba.

Sai kuma ya tsiro da abin da ya ɗaure wa Hajiya kai. Tana da ƙananan rassa a Faskari da Sabuwa, kowanne da 'yar na'urar da ta sha jiki. Ɗanlahadi ya kwafi garken nan kaf a faifan ajiya, ya hau motar haya ya kai Faskari, ya sha ramukan hanyar Sabuwa ya kai can ma. Daga nan kullum da yamma abin da ɗalibai suka ƙara a aikinsu yakan lallaɓa ya bi sabis ya tarar da 'yan'uwansa. Hajiya ta ce wannan ai wahalar da kai ne, ga na'ura sabuwa fil ba ta taɓa ko tari ba.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, na taɓa ganin garke wuri guda."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ranar jarrabawar ƙarshe ta zo cikin damina. Masu duba aiki sun taho daga Katsina, ɗaliban Faskari da Sabuwa sun iso bayan iyayensu sun sha addu'a kan hanya. Duk abin da suka gina tun farkon shekara yana cikin na'urorin nan. In ba a nuna shi a ranar ba, sai baɗi, kuma kowa ya san akwai 'yan matan da ba za a sake bari su biyo wannan hanya ba. Ana cikin gaisawa hadari ya haɗo, iska ta yaye kwanon ɗakin baya, ruwa ya sauka kan babbar na'ura. Ta yi tartsatsi, ta yi ƙauri, shi ke nan.

Hajiya ta dafe bango tana salati. Wata ɗaliba daga Sabuwa, Lauratu, wadda ta gina manhajar shagon magani, ta ja gyale ta rufe fuska. Shi kansa Ɗanlahadi abin da ya gani a ɗakin nan turakun gidansu ne, wayam ba shanu.

Ya jawo 'yar kwamfutar cinya, ya roƙi baƙin nan su ɗan yi masa haƙuri. Ya buga wa Grace, mai kula da reshen Faskari, ya ce ta tayar da janareta, ya buga Sabuwa ya faɗi haka. Sannan ya buɗe baƙin allo ya rubuta layi guda na kiran garken da ke Faskari.

Allo ya yi shiru har aka fara kallon juna. Can sai ga rubutu: Wule ta tashi. Jar-wuya ta tashi. Suka rinƙa fitowa a jere, shi kuma yana kiran sunayensu a fili bai ma sani ba, ɗalibai suna amsawa suna rugawa kujerunsu. Guda ɗaya ce ta ƙi, Baƙa, ita ce kuwa ta Lauratu. Kwafin Faskari ya lalace. Ɗanlahadi ya sauya kalma ɗaya ya juya kiran zuwa Sabuwa. Baƙa ta tashi daga can, da aikin yarinyar cikakke har na jiya da yamma.

Hajiya, mace mai aji da kamun kai, ita ta fara rangaɗa guɗa. Aka yi jarrabawa ruwa na ɗiga a bokiti, aka gama lafiya, ba wanda ya koma gida hannu rabbana.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a ya je Pauwa. Dada ta daɗe da rasuwa, amma ga jikokin Kyalla da aka dawo da su daga Faskari ɗaure a gindin ɗorawa. Ya ba mahaifinsa labari tiryan-tiryan, har da sunayen da ya raɗa wa na'urorin.

"Nawa suka ɓace?" in ji tsoho.

"Ko ɗaya, Baba."

Baba Ɗanhausa ya goge ido da bakin riga, ya ce a fitar masa da tabarma ƙofar gida. Ya zauna, ya ce wa ɗansa ya sake kiran masa su ɗaya bayan ɗaya, ya fara daga Wule.