Tsiron Geron Malam Daniel

A Sabon Garin Gusau aka haifi Malam Daniel, amma a Tsafe ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da kimiyya. Ni Labbo, maƙwabcinsa, na sha surutunsa har na haddace.

Abu ɗaya ya shiga ransa: gungun taurari masu watsa igiyar rediyo. Ya ce a tsakiyar kowane akwai baƙin rami mai feso wuta ta gefe biyu. Yayin da gungun yake yaro, feshin gajere ne, yana ta kokawa da iskar gas da ta kewaye shi. Wani ya keta ya zama ƙato, wani ya shaƙe a ciki. Shi da bai taɓa riƙe fartanya ba, da tsiron gero yake kwatanta shi, wai sai ya fasa ƙasa kafin ya ga rana.

Ɗalibai suna hamma, ban da Mansura, 'yar wani manomi a 'Yandoto. Da mahaifinta ya ce karatun ya isa haka, Malam ya yi ta zarya a kan tsohon babur ɗinsa har dattijon ya haƙura. Ta wuce jami'a, ta tafi ƙasar waje, ta dawo da digirin dakta a kan waɗannan taurarin.

Ranar da aka shirya mata taro a Gusau, Malam ya sa babbar rigar da ya ɗinka musamman, ya ja ni muka tafi. A wajenmu, mai ilimi ba ya buɗe baki sai ya ambaci malamansa. Abin da ya je ji ke nan, ba wani abu ba.

Ta gaida shugaban taro, ta gaida alhazai da hajiyoyi. Sai ta kawo misalin tsiron gero, aka yi ta tafi, ta ce wani farfesanta na can ne ya koya mata. Farfesan da ko zangarniya bai taɓa gani ba! Ta dubi layinmu, idonta ya wuce.

Raina ya ɓaci, na yunƙura zan miƙe. Malam ya riƙe mini hannu.

"Zamna, Labbo," ya ce da Hausarsa ta Zamfara. "Ai ta hito. Ni na ƙasad da ta hwasa."